Rabin Mataki

Hasebe, shugaban ƙungiyar makaɗan, ya danna maɓallin, maɓallin ya nutse ya ƙi tasowa. Ya danna na kusa da shi, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Sai ya tsuguna ya leƙa cikin habsikod ɗin kamar mai neman ɓera a rumbu, gumi na gangarowa daga sanƙonsa.

"Ya sha ruwa," ya ce. "Katakon ya kumbura. Ko wanda ya ƙera shi ne ya taso daga kabari, ba zai tashe shi yau ba."

Tun farkon mako ake ruwa a Hirado, irin ruwan watan shida da ba ya ɗaukewa sai dai ya huta. Abin kiɗan kuma a bayan mota ya kwana tun daga Fukuoka, ga shi dangin piyano ne amma ya fi piyano raki. Ƙarfe biyu na rana za a buɗe ƙofar majami'a, mutanen gari su shigo su ji kiɗan goge irin na Italiya na shekaru ɗari uku da suka wuce. Yanzu hantsi ya riga ya yi.

Chizuru na tsaye da gogenta a hannu. Ita ce babbar mai goge a ƙungiyar, ita ce yau za ta tsaya a gaba ta ja kiɗa sauran su amsa mata, kuma garin nan a nan aka yanke mata cibiya. Ta ga lokacin da idon Hasebe ya tashi daga kan habsikod ya sauka kan ogan ɗin majami'a mai dogayen bututu, sai ta gane abin da yake shirin yi.

"Shugaba, ogan ɗin nan fa saitin zamani gare shi."

"Na sani. Sai mu hau mu same shi, bututun ƙarfe ba ya saukowa don kowa. Kowa ya ƙara wa tsirkiyarsa rabin mataki."

Masu kiɗan dā irinsu suna ɗaure tsirkiya ƙasa da na zamani da rabin mataki, kamar yadda aka ce mutanen wancan lokaci suna yi. Ga sauran 'yan ƙungiyar, hawa wannan rabin matakin murɗa ƙusar katako mai ɗaure tsirkiya ne kawai. Ga Chizuru kuwa tonon asiri ne.

Mahaifiyarta, Malama Sumie, ita ta koya wa rabin 'ya'yan Hirado piyano, kuma ba ta san wasa ba. Tun Chizuru ba ta iya ɗaura takalmi ba take juya ta ta fuskanci bango, ta danna maɓalli ɗaya ta ce, "Wane ne wannan?" In yarinyar ta ce Re alhali Mi ne, sautin da ke sama da shi da mataki guda, babu kuka babu lallashi, a sake. Haka yarinya ta tashi da kunnen da ke kiran kowane sauti da sunansa. Jirgin ruwa ya yi ƙugi, ta ce La ne. Buta ta tafasa, ta faɗi sunan kukanta. A babbar ƙungiyar kiɗa ta Fukuoka, inda ta yi ƙuruciyarta, Ma'auni suke ce mata, in an yi gardama a kan sauti ita ake tambaya.

Da ta haye hamsin sai jirgin ruwa ya sake murya. Buta ma haka. Duniya gaba ɗaya ta ɗaga da rabin mataki a kunnenta: yatsa ya danna Re, kunne ya rantse cewa wannan ya wuce Re, ya kama hanyar Mi. Likita ya ce shekaru ne, yana samun masu irin kunnenta, kuma ba shi da magani. Ana cikin haka Hasebe ya neme ta a ƙungiyarsa. Ranar farko da ta sassauta tsirkiya zuwa saitin dā, ta goga Re ta ji Re, saura kaɗan ta yi kuka a gaban mutane. Saitinsu ya sauka da rabi, kunnenta ya hau da rabi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Mutane suka yi ta yabonta, wai ta bar babban aiki saboda ƙaunar kiɗan magabata. Ta bar su suka yi ta yabon.

"To kai ka sauko a hannu mana," ta ce wa Hasebe. "Ka kaɗa naka rabin mataki ƙasa, mu tsaya inda muke."

"A kan wannan ogan? Baƙaƙen maɓallai zalla, da waɗannan yatsun nawa masu kama da ayaba, kafin ƙarfe biyu? Karnukan garin nan kaf za su taru a ƙofa su yi mana amshi."

Aka yi dariya. Nagisa, mai goge ta biyu, ta riga ta fara murɗa nata.

"Yaya, gaskiya ni ya fi mini sauƙi ma," ta ce. "Tsirkiyar ce kawai abin ji a wannan raɓar."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma Chizuru ta ji zafinsa. Tun da yarinyar nan ta dawo daga karatu a ƙasar Holan, Hasebe ba ya gama magana bai sako zancen sabon jini ba, kuma har yau bai faɗi wanda zai tsaya a gaba a shekara mai zuwa ba. Mai gogen da kunnenta ya fara ƙarya ba ta tsayawa a gaba. Wannan kowa ya sani, ba sai an rubuta ba.

Hasebe ya hau kujerar ogan ya danna La. Chizuru ta murɗa ƙusar katako a hankali, tsirkiyar hanjin tumaki tana ƙara kamar tana ƙorafi, har sautinta ya haɗu da na ogan. Wannan ba wuya, sauti biyu ne a jere, ko sun haɗu ko ba su haɗu ba. Wuyar tana gaba.

Suka fara gwaji. Kiɗan a gidan Re yake, daga Re yake tashi, ya zaga, ya dawo Re ya kwanta. Muddin tana cikin taro lafiya lau, tana bin sawun 'yan'uwa. Da aka zo inda kowa ke yin shiru ta fita ita kaɗai, sai kunnenta ya fara ihu: kin yi sama, sauko. Takarda ta ce Re, kunne ya ce ba Re ba ne, hannun kuma da ya shekara hamsin yana yi wa kunne biyayya ya zame baya da kansa ba tare da ya yi shawara da ita ba. Ta gama zagayenta, ƙungiya ta shigo, aka yi karo. Sautin da ya fito ko mai shara da ke bakin ƙofa sai da ta ɗago kai.

Hasebe ya ɗauke hannu. Majami'a ta yi tsit, sai ruwa a kan rufi.

"Tsirkiya ce ta saki," in ji Chizuru.

"Raɓa ce," Hasebe ya ce da sauri. "A sake."

Nagisa ta waiwayo. Ta dai dubi hannun hagun Chizuru, ba ta dubi tsirkiya ba, sa'an nan ta sunkuyar da kai.

A karo na biyu Chizuru ta cije ta riƙe hannunta da ƙarfin tsiya, kiɗan ya fito daidai amma a sandare, kamar mai tafiya a kan gadar itace ɗaya. Kafin su kai ƙarshe siririyar tsirkiyar ta ce tas, ta tsinke ta shauɗe ta a kunci. Ana wata ga wata. Sabuwar tsirkiyar hanji kuwa sai ta kwana tana miƙewa kafin ta zauna, ita ga shi ko awa biyu ba ta da su.

Ta shige ƙaramin ɗakin da ke bayan bagadi, inda ake rataye rigunan limaman coci, ta ɗaura sabuwa tana ja tana saki. Tsoro take ji, tsoro sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana fuskantar bango.

Hasebe ya shigo da dunƙulen shinkafa biyu da shayin sha'ir mai sanyi, ya ajiye a gabanta ya tsaya yana sosa sanƙo.

"Malama Chizuru, ni da ke ba a yi ɓoye-ɓoye ba. Lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau."

"Don Nagisa ta san kiɗan nan da ka. In jikinki ne babu daɗi, sai in fita in ce wa jama'a kin ɗan ji ciwo a hannu. Ba wanda zai ce uffan. Yau kaɗai."

Yau kaɗai. Ta san irin wannan yau ɗin, ba ta da gobe. Duk da haka ta ji hannunta na dama ya kai kan wuyan hannun hagu yana murzawa, ƙaryar ta zo har bakin leɓe, a shirye, ba ta ko buƙatar ado.

Ta ƙofar da ya bari a buɗe ta hango bencin gaba. Ba a buɗe wa jama'a ba tukuna, amma wa zai hana Malama Sumie shiga wuri a Hirado? Tana zaune ƙyam, lema a jingine, ƙunshin kyalle a cinya. Shekara ashirin da biyar rabonta da zuwa sauraron kiɗa, tun ranar da ta rufe piyanonta ta sallami ɗalibai ta ce yatsunta sun ƙage. Kiɗan 'yarta na yanzu kuwa, cewa take kiɗan da ya kasa miƙewa tsaye ne. Yau da aka kawo shi har ƙofar gida ta rasa uzuri. Chizuru har ta yi wa mai gyaran piyano magana a ɓoye ya je gidan ranar Talata, ranar da tsohuwar za ta cika tamanin da biyar, ko Allah zai sa in ta ji shi a gyare ta sake taɓawa.

A ce a gaban wannan matar za a fito a ce hannunta na ciwo? Chizuru ta saki wuyan hannunta.

"Ni zan yi, Shugaba."

"Kin tabbata?"

"Ka ci shinkafarka. Ka bar mini ɗaya."

Ƙarfe biyu majami'a ta cika, warin jiƙaƙƙun lemomi ya gauraye da na kyandir. Tsofaffin ɗaliban mahaifiyarta, masu shaguna, matan masunta, kowa ya zo ganin 'yar Malama. Hasebe ya fito gaba ya rusuna, ya ba da haƙurin habsikod, sa'an nan ya shiga abin da ya fi ƙauna a duniya, wato bayani. Mutumin nan ko gobara ake yi sai ya faɗi tarihin wuta. Chizuru ta ji wannan jawabin har ta haddace, kullum in ya fara sai ta tafi lissafin abin da za ta dafa da dare. Yau ba ta da wurin tafiya, sai ta tsaya ta ji.

"Za ku ce me ya sa mutanen dā suka cika rubuta wa goge kiɗa a gidan Re," yake cewa. "Ba tsafi ba ne. Tsirkiya huɗu gare shi, ɗaya Re ce, biyu maƙwabtan Re ne na jini. In mai goge ya danna Re daidai a kan wata tsirkiya, ita Re ɗin da ba a taɓa ba sai ta amsa da kanta, katakon duk ya ɗauka. A gidan Re goge a gidan ubansa yake. Kai shi wani gidan, baƙo ne, sai ya yi ta noƙewa."

Aka yi 'yar dariya, ya koma kan ogan. Chizuru ta ɗora goge a kafaɗa. Gogen dā ba shi da matashin haɓa irin na zamani, katako ne tsirara a kan ƙashin wuya.

Suka tashi tare. Kunnenta ya fara tun daga bugun farko, ba wannan ba ne, kun yi sama, duk kun yi sama. Ta bi taro har bakin inda za a bar ta ita kaɗai, ta ga wurin yana matsowa a takarda. Sai shiru, sai ita.

Ta danna Re ta ja baka. Kunne ya ce ƙarya ne. Amma a ƙarƙashin muƙamuƙinta wani abu ya motsa, wata 'yar tsuma ta ratsa katako ta shiga ƙashin wuya ta gangara ƙirji. Tsirkiyar da ba ta taɓa ba ce ke amsawa. Yatsan ya so zamewa baya, tsumar ta ɗauke. Ta mayar da shi, tsumar ta dawo. Shekara hamsin da wani abu gogen nan yana gaya mata haka a wuya, ba ta taɓa saurara ba, don tana da wanda ya fi shi baki.

Ta bar kunne yana ta surutunsa kamar rediyon maƙwabta, ta bi ƙashi. Daga Re zuwa La, daga La zuwa Sol, duk inda katako ya amsa nan ne tudu, tsakaninsu kuma ta bar wa yatsu su taka yadda suka saba. Ba daɗi take ji ba, kada a yi ƙarya, gumi har cikin idonta. Amma kashi na farko ya wuce ba a yi karo ba.

Kashi na biyu shi ne mai sanyi, kuma a nan marubucin ya bar gidan Re ya shiga yawo. A tsakiyarsa akwai wani dogon layi da ya bi ta sautukan da babu tsirkiyar da ke amsa musu. Katakon ya yi shiru a wuyanta. Sabuwar tsirkiyar ma ta ɗan saki. Ba ta da kowa sai kunne, shi kuwa ya samu fili, sauko, sauko. Ta ji yatsan ya fara tafiya, ta san yana tafiya, ta kasa tsayar da shi.

Daga bayanta ta hagu wani sauti ya ɗan ɗago. A takarda Nagisa rakiya kawai take yi a wurin, can ƙasa-ƙasa, amma sai ta ƙara wa bakanta nauyi kaɗan, ta riƙe sautinta ƙyam kamar mai miƙo sanda ga wanda ke cikin ruwa. Chizuru ta jingina nata a kan na yarinyar, sauti biyu a jere, ko sun haɗu ko ba su haɗu ba. Suka haɗu. Haka suka taka har layin ya ƙare, kiɗan ya juyo gida, katako ya sake tsuma.

Kashi na uku gudu ne, ba ya ba mutum lokacin tsoro. Da ta ja Re na ƙarshe, gogen duk ya ɗauka har cikin haƙoranta, kunnenta kuma yana nan a kan bakansa.

An daɗe ana tafi. A ɗakin baya Nagisa na goge gogenta da ƙyalle, Chizuru ta tsaya kusa da ita ta rasa ta inda za ta fara.

"A kashi na biyu..."

"Sabuwar tsirkiya ce, Yaya," Nagisa ta ce ba ta ɗago ba. "Haka suke yi."

Hasebe ya faɗo ɗakin fuska kamar gonar auduga.

"Kun ji yadda ya haska kuwa? Ashe ogan ne abokin tafiyarmu ba mu sani ba. Malama Chizuru, ban taɓa jin kin yi kiɗa kamar ranki ya dogara a kai ba sai yau. Shekara mai zuwa majami'u za mu bi, duk mai ogan, a wannan saitin, ke a gaba. Me kika ce?"

Me za ta ce? Abin da ta shiga wuta don ta riƙe ne aka miƙo mata, da wutar a haɗe. Ta rusuna ta ce to.

Jama'a sun watse, ruwa ya tsagaita. Malama Sumie na nan a bencinta, ta kwance ƙunshinta ta fito da 'ya'yan itacen da ake kira biwa, tana ɓare ɗaya. Chizuru ta zauna gefenta da akwatin goge a ƙafa, tana jiran hukunci kamar 'yar shekara biyar.

"Kin yi ƙasa a kashi na biyu."

"Na yi, Mama."

"Yarinyar can ta ɗauke ki. Ki saya mata wani abu."

Ta miƙo mata biwar. Chizuru ta karɓa, idonta a kan yatsun da suka ɓare ta. Bawon ya fita a jere, siriri, bai tsinke ba ko sau ɗaya, yatsun da aka ce sun ƙage tun shekara ashirin da biyar.

"Mai sanƙon nan ya ce a gidan Re kuka yi," tsohuwar ta ce, tana duban bagadi. "Ke me kika ji?"

Chizuru ta juya biwar a hannunta.

"Tsakanin Re da Mi."

"Tun yaushe?"

"An jima."

Malama Sumie ta gyaɗa kai, ta ɗauki wata biwar.

"Da sauranki. Ni cikakken Mi na ji, tun daga farko har ƙarshe."

Mai shara ta wuce su da tsintsiya, ta gaishe da Malama, Malama ta amsa. Abin da Chizuru ke ji, tausayi ne ko haushi, ita ma ba ta sani ba. Duk shekarun nan kowace na ɓoye wa 'yar'uwarta abu ɗaya.

"Piyanon gida fa," tsohuwar ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. "Tun da na rufe shi ba wanda ya taɓa gyara shi, ya yi ta sauka da kansa. Bara ina share ƙura na danna Re, sai na ji Re. Yanzu kullum da safe ina ɗan taɓawa, in maƙwabta sun fita aiki." Ta share yatsunta da ƙyalle, ta ɗaure ƙunshin tam. "Taso mu tafi kafin ruwan ya dawo."

"Ki ɗan jira ni a ƙofa, Mama."

Tsohuwar ta ɗauki lemarta ta yi gaba. Chizuru ta ciro waya daga jaka, ta nemo lambar mai gyaran piyano, ta ce masa kada ya zo ranar Talata.